Farfelar da Muka Kwance a Garajin Modu

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, mai sunan mahaifina.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a cikin mota kafin ku kai Maine, ko a tashar Damagaram, ko can ƙasar da kake komawa karatu. Allah ya tsare hanya, ya tsare direban da ya ɗauke ka, ya kai ka cikin aminci.

Ƙanwarka Hadiza ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta tausasa mini ko kalma ɗaya. Ka san ba na iya zama da kai in yi doguwar magana. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ban taɓa kira ba. Haka na tarar ana yi a gidanmu na Damagaram, haka na riƙe. Amma abin da na ji daga bakinka jiya a garajin Modu ya hana ni cin tuwo, kuma ba zan bari ka tafi da shi a cikinka ba. Don haka kada ka nemi labarin gida a nan. Faɗa ne na zo yi maka.

Bari in tuna maka yadda aka yi, don kada ka ce tsufa ya taɓa mini kunne. Bayan la'asar muna zaune a rumfa ana dafa shayi. Modu makanike, abokina tun muna yaran mota, ya ce maka: "Injiniya, zo ka ba mu labarin jirgin nan naku da ba ya shan mai." Ka zo ka tsuguna, ka ɗauki tsinke kana zane a ƙasa. Ka ce jirgin ƙasan da kuke koyon gyarawa ba shi da kai guda mai jan sauran taragai, irin wanda muke gani a Kano a da. Wuta yake sha daga wayar da ke bisa kansa. Injunansa ƙanana ne, an rarraba su a ƙarƙashin taragai, kowanne yana juya ƙafafu biyu da sandar ƙarfe ɗaya ta haɗa, abin da mu muke ce wa aksal. Ka ce wani tarago duk ƙafafunsa suna ja, wani rabi, wani kuwa ba ya ja sam, ɗaukar mutane kawai yake yi. Ka ce shi ya sa jirgin ke tashi da sauri daga tasha, yake hawa tudu ba nishi, kuma in za a tsaya injunan nan suna taimaka wa birki.

Wallahi na ji daɗi. Na sunkuyar da kai kamar ina duba kofin shayi, amma kunnena yana wurinka. Da ka ce jirgin yana tafe da yashi a akwati, yana barbaɗa wa dogo in ƙafa ta fara sulɓi, Elhaji Kyari mai kifi ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce: "Yashi? Mu yana kashe mu, su suna yawo da shi? Yaro, ka ce su aiko da tirela, kyauta ne!" Ni ma na yi dariya.

Sai Modu ya ce: "To, in inji ɗaya ya mutu fa?"

Ka ce: "Ba komai, Baba Modu. Akwai makunni. A kashe shi, sauran su ja. Fasinja ko ji ba zai yi ba."

Ya ce: "A'a! Ashe kamar farfelar gaba ta mota ce. A kwance a huta."

Ka ce: "Kamar ita. Ai ko an daɗe ana yawo a haka, wa zai sani?"

Kuka tafa.

Ka tafa da Modu a kan farfelar gaba, ina zaune. Ba ka lura ba, amma Elhaji Kyari ya bar dariya ya dube ni, don duk dattijon da ke rumfar nan ya san abin da farfelar gaba ta ja mini. Kai kana ƙarami a lokacin, abin da ka gani kawai shi ne na dawo gida da kumburarrun ƙafafu.

Kafin in zo kanta, bari in fara da wautar da ta riga ta.

Tun ba a haife ka ba, ni da wani ɗan uwana muka haɗa hannu muka sayi tsohuwar gingimari a tsallaken kogi. Na zagaya ta, na ƙirga ƙafafu, goma cif, da aksal biyu a baya. Na buga taya da ƙafata kamar wanda ya san abin da yake yi. Mai motar ya ce: "Wannan ko a cikin kogin Komadugu ka sa ta sai ta fita." Na yarda. Ban shiga ƙarƙashinta ba, don ina sanye da farar riga, ina jin kaina na zama mai mota.

Kakar tattasai ta zo, muka je gonakin bakin kogi ɗaukar buhuna. Ruwa bai daɗe da janyewa ba, ƙasa ta bushe a sama, ƙarƙashinta laka ce. Muka yi lodi, na ba ta wuta, ta tafi kaɗan ta tsaya. Na sauko na duba. Aksal ɗaya yana juyawa cikin rami yana watsa laka, ɗayan kuwa yana zaune a kan tudu ko motsi ba ya yi. Ashe ba ya ja. Ba a ma yi shi don ja ba, ɗaukar nauyi ne aikinsa, kuma a ranar shi ya ɗauke nauyin daga kan mai jan, ya bar shi yana rawa a banza. Wata tsohuwa mai tsintar tattasai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce: "Direba, motarka ƙafa goma gare ta, ko ƙafa huɗu da 'yan kallo shida?" Matan gona suka fashe da dariya. Muka sauke buhunan a cikin laka, tattasai ya sha danshi, launinsa ya mutu, mai kaya bai sake ba ni lodi ba har ya bar duniya.

To ka ji. In an tsaya a tasha, duk ƙafafun jirginku iri ɗaya ne a ido. Kada ka zama mai ƙirga ƙafa daga nesa. Duk jirgin da aka danƙa maka, ka shiga ramin gyara da fitila, ka bi shi daga farko har ƙarshe, ka san wace ƙafa ke ja, wace ke ɗauka, wace ke ja jiya amma yau an kashe ta. Riga ana wanke ta. Kuma kada ka raina ƙafar da ba ta ja, don mutane ne a kanta, ita ma tana son idonka.

Yanzu farfela.

Bayan gingimari na koma kat-kat, mota mai ja da ƙafa huɗu, wannan tsohuwar farar da ka sani. Kai ka fi ni sanin ƙarfe yanzu, amma bari in faɗa yadda direba ya san shi. Farfela biyu gare ta, ɗaya tana kai ƙarfi ƙafafun baya, ɗaya tana kai wa na gaba. A kan kwalta ta baya ta ishe ka. Ta gaba sai ranar yashi ko laka. Za ka iya wata da watanni ba ka neme ta ba.

A shekarun da tashin hankali ya rufe mana iyaka, kayan gyara suka yi wuya. Mahaɗin farfelata ta gaba ya ci, tana ƙara tana girgiza mota. Na kai wa Modu. Ya shiga ƙarƙashi ya fito yana goge hannu, ya ce: "Issufu, sabo sai Maiduguri, hanya kuwa ka san yadda take. Mu kwance ta kawai. Ai kwalta kake bi, Diffa zuwa Maine, Maine zuwa Diffa. In kaya sun zo mu mayar." Na ce to. Ba ni kaɗai ba, rabin direbobin tasha haka suka yi, har ana cewa mota ta fi sauƙin mai.

Ranar farko ina tuƙi ina tunawa. Bayan sati na daina tunawa. Mota tana tafiya lafiya lau, ba ƙara, ba girgiza, fasinja suna barci. Daga baya kayan gyara suka fara shigowa ta Damagaram, na ji labari, na ce sai an yi sallah. Sallah ta wuce na ce sai an biya kuɗin lakwal, makarantarku ke nan. Farfelar kuwa yaran Modu suka kafa ta a ƙasa bayan garaji, suna ɗaure masa akuya a jiki. Kullum ina wucewa ina ganinta, har ina yi wa akuyar wasa.

Sai wani ɗan kasuwa ya ce in kai masa gero da sabulu Yebi. Na ce hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. In rage wa tayoyi iska, in bi sawun da ya taurare, in tafi da sanyin safiya kafin yashi ya saki. Haka na yi, na kuma isa lafiya. Na ce a raina, ka ga, ashe farfelar gaba ado ce.

A wannan zuwan ne 'yan bindiga suka sake shiga Bosso, kusa da Yebi.

Ba zan ba ka labarin ƙarar da muka ji ba, ka ji shi a bakin mutane da yawa. Abin da zan faɗa maka shi ne mutane sun fito da gudu, duk abin da ke da ƙafa sun hau. Kafin in juya, motata ta cika, ciki da bisa. Mata da goyo, yara ba takalmi, da wani tsoho masunci da ake kira Ba Mala, wanda ƙafarsa ke ciwo, jikokinsa suka ɗauko shi a tabarma. Sawun da na biyo ya toshe da motoci da amalanke da shanu. Dole kowa ya saki hanya ya shiga daji. Rana ta take tsaka, yashi ya yi laushi kamar gari.

Hannuna da kansa ya tafi ga ƙaramar giya, ya ja ta, don in sa ƙafa huɗu. Giyar ta shiga. Babu abin da ya faru. Ƙafafun baya suka tona rami suka zauna, na gaba suna kallona.

Wata mata ta ce: "Direba, sa mata kat-kat mana! Me kake jira?"

Na ce: "Na sa."

Ta ce: "To ina yake?"

Me zan ce mata? In ce yana Diffa akuya na ɗaure a jikinsa?

Muka tona da hannu, muka sa rassan ƙaya, matan suka ajiye goyo a inuwar mota suka tura. Ta fita, ta yi taku kaɗan, ta sake nutsewa. Motocin da ba su kai tawa lafiya ba suna wuce mu, don su ƙafafunsu huɗu suna ja. Ruwan da ke jarka ya ƙare. Daga ƙarshe muka bar motar muka taka. Ni da jikan Ba Mala muka riƙa goya tsohon, in na gaji ya karɓa. Tsohon nan bai zage ni ba. Yana bayana yana ce mini: "Sannu ɗana, na yi maka nauyi." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun kai inda aka taimake mu, daga baya aka sauke su a sansanin Assaga tare da sauran 'yan gudun hijira. Ba Mala bai daɗe ba ya rasu. Na je gaisuwa, 'yarsa ta ce: "Kwanansa ne ya ƙare, direba. Kai ka yi ƙoƙari." Kowa haka ya ce mini, har Modu. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita, kuma ban ce da farfela tana nan tsohon zai ƙara ko yini ɗaya a kan abin da aka rubuta masa ba. Amma ƙishin da yaran nan suka sha, da tafiyar da tsoho mai ciwo ya yi a bayan mutum cikin rana, ba daga sama suka faɗo ba. Ni da Modu ne da sifana, a inuwa, muna shan shayi.

Shi ne kai, da na sayar da ragunan mahaifiyarka don ka yi karatu, kake tsugune a rumfar nan kana cewa "wa zai sani".

Na san abin da za ka ce. Za ka ce jirginku da gangan aka yi shi haka, don in inji ɗaya ya mutu kada a bar mutane a tsakiyar hanya. Na yarda, kuma wanda ya yi wannan dabara ya yi hankali. Amma an yi makunnin nan ne don a kai mutane tasha, a wuce da jirgi wurin gyara. Ba don a kwana a tashi a haka ba. Da bakinka ka ce injunan suna taimaka wa birki. To wanda ka kashe, wa zai yi masa nasa rabon ranar da aka cika jirgi da ma'aikata, ruwan sama ya jiƙa dogo, ga gangara a gaba? Yau ka kashe ɗaya, ba a ji ba. Gobe abokin aikinka ya kashe na biyu, shi ma yana cewa sauran za su ja, bai san da naka ba. Haka abin yake tafiya. Ranar lafiya ba a sanin mota ta rasa wani abu. Ni motata mutum nawa take ɗauka? Kai gari guda za ka ɗauka, kuma babu wanda zai sauko ya sa maka rassan ƙaya ya tura.

Don haka in ka kashe inji, ka faɗa a take, ga wanda ya kamata ya ji. Ka koma washegari ka tambaya an gyara ko ba a gyara ba. In ba a gyara ba ka sake faɗa, har su gaji da ganin fuskarka. In shef ɗinka, shugabanka na aiki, ya ce bari sai wani sati, ka gaishe shi da ladabi, ka ce masa ba za ka sa hannunka a kan cewa jirgin nan lafiyarsa lau ba. Zai yi fushi. Wataƙila ya ce kai baƙo ne, ɗan ƙasar da ko dogo babu, me ka sani. Ka haɗiye. Fushin shef yana wucewa kafin azahar.

A nan ma ni ba abin koyi ba ne. Jiya da kuka tafa, kamata ya yi in ajiye kofi in yi magana a gaban kowa. Kunyar ɗan fari ta riƙe mini baki, na tashi na ce zan je alwala. Kunya ado ce a tsakanin uba da ɗa, amma a wurin aiki irin naka ba ta da mazauni. Kada ka gaje ta a wurina ka kai ta ƙarƙashin jirgi.

Yau da safe na koma wurin Modu. Na same shi yana cin ƙosai, na ce: "Modu, me ka koya wa yarona jiya?"

Ya ce: "Haba Issufu, wasa ne fa. Kai komai sai ka ɗauke shi da zafi."

Na ce: "Da ni ka yi wannan wasan, ka ga inda ya kai mu. Yanzu ɗana ka koma wa?"

Ya ce: "To ni na ce ka je Yebi?"

Na ce: "A'a. Kai ka kwance, ni na manta. Mu biyu ne, shi ya sa nake jin haushin mu biyu."

Ya turo mini ƙosai. Ban ci ba. Za mu shirya, mun saba, shekarunmu sun wuce na yin gaba da juna. Amma ka sani, Modu mutumin kirki ne, hannunsa kuma yana da kyau, kuma irinsa ne za su ba ka wannan shawara a can. Ba mugu ne zai ce maka a kashe a huta ba. Abokinka ne, mai ba ka shayi, wanda ya gaji yana son ya tafi gida.

Masu ce maka me za ka yi da karatun jirgi alhali Diffa ko taku ɗaya na dogo babu, kada ka kula su. Su ne suka ce wayar hannu ba za ta zo nan ba, yau ga ta a aljihun kowane mai tallan kifi. Ko dogo ya zo ina raye, ko bai zo ba, mutanen da za ka ɗauka a can 'ya'yan wasu ne, kuma iyayensu suna jiran su da abinci a rufe.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta sa na zaunar da ƙanwarka tun azahar. Duk abin da ka yi mini tun kana yaro na yafe. Gilashin motata da ka fasa da ƙwallo, da ƙaryar da ka yi mini ta zuwa lakwal kana bakin kogi, da wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe duniya da lahira. In ka faɗi jarrabawa ka dawo, ƙofa a buɗe take, mu yi dakon tattasai tare. In an kore ka don ka ƙi yin shiru, ni zan zo tasha in ɗauki jakarka da kaina. Amma in ka san ƙafa ta daina ja, ka rufe bakinka, ka bar jirgi ya fita da mutane, wannan ban yafe ba. Na faɗa tun kafin ka yi, don kada ka ce ba ka ji ba.

Allah ya kiyaye ka daga wutar da kake aiki da ita, da ƙarfen da kake shiga ƙarƙashinsa. Allah ya ba ka shugabanni masu jin magana da abokai masu tsoron Sa. Ya tsare duk wanda zai hau abin da hannunka ya taɓa, ya sauke su lafiya a ƙofar gidajensu. Ya jiƙan Ba Mala, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya dawo mana da kai muna raye. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla, kuma kifin da ta sa maka a jaka ka fitar da shi ya sha iska in ka sauka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Issufu direba, Diffa.